Daga Gorar Duma zuwa Gorar Roba: Tarihin Abin Shan Ruwanmu

Harshe yakan riƙe abin da ido ya manta. In ka ce wa ɗan makaranta a Maraɗi ko Tawa ya kawo maka gora, ta roba zai miƙo maka. In ka ce buta, ta roba ce. Ludayin da ake dama fura da shi a gidaje da yawa, shi ma roba ne. Alhali kuwa waɗannan sunaye uku duk na duma ne, tsiron da kakanninmu suke shukawa a gefen gona ko su bari ya hau danga da rufin bukka. Sunan ya zauna, abin ya sauya, kuma sauyin ya faru ne cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya. Dattijuwar da aka kai ta ɗakin miji da jeren ƙorai, jikarta da robobi aka kai ta.

Yau ana ta maganar kwalabe da ledojin da ake yi daga masara ko rake, ana cewa su ne za su raba duniya da ƙazantar roba. Kafin iyaye da malamai su karɓi wannan albishir ko su ƙi shi, yana da kyau su san hanyar da aka biyo, domin yaran da ke hannunmu su ne za su zauna da abin da muke zubarwa.

Zamanin duma, yumɓu da fata

Duma na cikin tsirrai na farko da ɗan Adam ya fara renonsu, kuma asalinsa na Afirka ne. Masu tonon kayan tarihi sun samu ɓawonsa a nahiyar Amurka da ya kai shekara kusan 10,000, tun kafin mutanen can su iya ginin tukwane. A ƙasar Hausa kusan kowane aikin gida yana da dumansa: masaki na wanke hatsi da awo, ƙwarya ta fura da nono, ƙoƙo na sha, ludayi na damu, gora da gyandama na ruwan tafiya gona, shantu na wasan mata. Ruwan gida kuma yana cikin randa da tulu, waɗanda maginan Miriya kusa da Damagaram da na Bubon kusa da Yamai suka yi suna a kansu har gobe. Matafiyi da makiyayi suna da salka, fatar akuya da aka jeme da bagaruwa. Da ita ayarin raƙuma yake ratsa Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri.

Randa da salka suna sanyaya ruwa ta hanya ɗaya. Jikinsu yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Iska ta busar da wannan danshi, shi kuma ya tafi da zafin da ke ciki. Shi ya sa randa ta fi aiki a bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Wani malami a Dutse ta jahar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ɗan gidan magina, ya ɗauki wannan sani ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana tumatir da ganye, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Abu biyu ne suka bambanta waɗannan kaya da na yau. Na farko, ana daɗewa da su. Ƙwarya in ta tsage akwai gyartai, mai yawo gida-gida da basilla da zare yana ɗinke ta, kuma sana'a ce da mutum yake ci da iyalinsa. Na biyu, in abu ya ƙare gaba ɗaya, ƙasa tana karɓarsa. Sakaina takan zama abin kwasar toka, daga nan ta tafi juji, juji ya tafi gona.

Amma kada a yi wa wancan zamani ado da abin da ba shi da shi. Ruwan da ke cikin waɗannan kaya sau da yawa na tabki ne ko na rijiya marar murfi. Moɗa ɗaya ce kowa yake tsomawa cikin randa, mai mura da mai zawo. Kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, daidai lokacin noma. Binciken da aka yi a Nijar a 1991 ya ƙirga mutum fiye da 30,000 masu ɗauke da shi, kuma jahar Damagaram na cikin wuraren da ya fi tsanani. Ƙarancin ruwa ma na cikin dalilan da aka bayar lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Duk wanda ya zo wa irin wannan ƙasa da abin ɗaukar ruwa marar nauyi, marar fashewa, mai murfi, dole a yi masa maraba.

Roba ta farko daga tsiro aka yi ta

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, robar farko da aka ƙera a masana'anta daga tsiro ta fito. A 1862, a wani babban bikin baje koli a Landan, wani Bature mai suna Alexander Parkes ya nuna wani abu da ya haɗa daga selulos, wato sinadarin da ke cikin zaren auduga da itace. Ana iya narka shi a zuba a kowace siffa. Bayansa, John Wesley Hyatt, ma'aikacin ɗab'i a jahar New York, ya inganta haɗin da kafur, ya fitar da abin da aka sa wa suna seluloyid wajen 1870. Abin da yake nema shi ne madadin hauren giwa, domin da shi ake sassaƙa ƙwallayen wani wasa da ake bugawa da sanda a kan tebur, da matajin kai, da maɓallan kayan kiɗa. Hauren nan daga Afirka yake fita, kuma wani kaso nasa ta hanyar Kano da Damagaram yake bi zuwa Tarabulus tare da gashin jimina da fatu. Ke nan robar farko an yi ta ne da hujjar rage wa giwaye kisa.

Seluloyid yana da babban aibi: wuta yake kamawa kamar auduga, kuma ya jawo gobara a gidajen silima da dama, tunda da shi ake yin faifan majigi. A 1907 Leo Baekeland, ɗan Beljiyam mazaunin Amurka, ya haɗa Bakelite daga sinadaran da ake samu a kwal. Daga nan hankalin masana ya bar gona ya koma ƙarƙashin ƙasa. A 1933 ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da foliyetilen, wanda shi ne asalin ledar da muka sani.

Tsiro bai sallama nan take ba. A watan Agusta na 1941 Henry Ford ya nuna wata mota da aka yi gangar jikinta da roba mai haɗe da kayan gona, wadda aka riƙa kira motar waken soya. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin. Bayan yaƙin kuma man fetur ya yi araha ƙwarai, matatun mai suna da rarar sinadarai da suke neman inda za su kai, sai robar mai ta kori ta tsiro daga kasuwa. Farashi ne ya yanke hukunci.

Ranar da aka koya wa mutane zubarwa

Masana'antun da suka girma da aikin yaƙi sun wayi gari suna iya yin roba fiye da abin da jama'a ke buƙata. Bokitin da zai yi shekara goma sau ɗaya ake sayar da shi. Mafita ita ce kayan da za a yi aiki da su sau ɗaya a jefar. A watan Agusta na 1955 mujallar Life ta Amurka ta buga hoton wani iyali suna watsa faranti da kofuna da cokula sama, tana yabon sabuwar rayuwar da uwar gida ba za ta ƙara wanke-wanke ba. Shekara guda bayan haka, Lloyd Stouffer, editan wata mujallar masu kayan ƙunshi, ya gaya wa ƴan masana'anta cewa makomar roba tana cikin kwandon shara. Mutanen da suka ga yunwa da yaƙi ba su saba da jefar da abu mai kyau ba, sai da aka yi ta talla kafin su koya. Ɗabi'ar sha-ka-yar, wadda yaranmu suke ɗauka haka duniya take tun asali, ba ta wuce shekara saba'in ba.

Ita gorar ruwa da lemu, robarta sunanta PET. Wasu masana biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, su suka haɗa ta a yankin Manchester a 1941, kuma da farko zare aka yi da ita. Yadin tergal da iyayenmu suka ɗinka wanduna da shi, da gorar da ke cikin kwata yau, asalinsu ɗaya. Matsalar masu lemu ita ce iskar gas: tana kumbura roba har ta fashe. Wani injiniyan kamfanin DuPont, Nathaniel Wyeth, ya gano cewa in aka ja robar ta tsawo da ta faɗi lokacin da ake hura ta, sai ta yi ƙarfin riƙe gas. Ya samu takardar mallakar wannan fasaha a 1973, shekarar da fari ya kashe dabbobin Sahel.

Akwai darasi a abin da ya faru tsakanin nan. A 1975 Coca-Cola ta fara zuba lemu cikin wata gora ta kamfanin Monsanto, wadda aka yi da wata roba dabam mai sinadarin akrilonitril. A 1977 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana amfani da ita, saboda sinadarin yana shiga cikin abin sha kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana da illa. Sai da aka sayar, aka sha, sannan aka bincika. Daga ƙarshen shekarun 1970 PET ta gaje wurin, ta fara ture kwalbar gilashi, wadda ake mayarwa shago a wanke a sake cikawa sau da dama. Da gorar roba, kamfani ya huta da ɗauko kwalabe da wanke su. Wannan aiki da kuɗinsa suka koma wuyan mai sha da ma'aikatar magajin gari.

Shigowarta ƙasarmu

A nan, duma bai faɗi a hannun roba kai tsaye ba. Kwanukan sha da langa da fanteka ne suka fara shiga ɗakin amarya tun zamanin Turawa, ga-ruwa kuma suka rungumi garwar kananzir. Daga baya masana'antun Kano, na Bompai da Sharaɗa, suka cika kasuwanni da bokiti, baho, buta da kofi na roba, suna shigowa ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni, ta Maigatari da Magarya zuwa Damagaram. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa kayan suka ƙara araha ga mai sefa. Jarkar man girki mai lita 20 ko 25 ta zama tulun kowane gida, kuma duk yarinyar da ta taɓa fasa tulu a hanyar rijiya ta san alherin da jarka ta yi mata.

Ruwan sayarwa shi ma ya bi matakai. Da bokiti ne da moɗa ɗaya a tasha. Sai ruwan ƙanƙara da ake ƙullawa a leda, wadda mai sayarwa kan hura da baki kafin ya zuba. Daga shekarun 1990 ruwan leda na inji, fiya-wata, ya bazu a Najeriya, ya ƙetaro mana. Gorar ruwa ta zo ta zama ta masu hali, ta taron biki da na ma'aikata. In an shanye, yara su tsince, a sayar wa masu zoɓo, kunun aya, lemun citta da man gyaɗa. A kasuwar Katako ta Yamai da sauran manyan kasuwanni, tsohuwar gora haja ce mai farashi.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa roba ta ceci rayuka. Ƙyallen tace ruwa da aka raba a ƙauyuka don yaƙi da kurkunu na nailan ne, kuma kamfanin DuPont ɗin nan na cikin waɗanda suka ba da shi kyauta. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Sirinjin allura da ledar ƙarin ruwa da gidan sauro duk roba ne. Lokacin kwalara, kamar wadda ta ɓarke a Madarunfa a 2018, ruwa rufaffe mai tsabta yakan zama bambancin rai da mutuwa. Laifin yana wajen abin da ake sha cikin minti biyar, ya zauna a ƙasa shekaru aru-aru.

Bashin da aka jinkirta biya

A 1950 duniya gaba ɗaya tana yin roba tan miliyan 2 a shekara. A 2015 ta kai tan miliyan 380. Wani bincike da Roland Geyer da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa an yi tan miliyan 8,300 tun farko, kuma miliyan 6,300 sun riga sun zama shara. Daga cikin sharar, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake narkawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna juji, ko cikin ƙasa, ko cikin ruwa. A 2016 an sayar da gorar abin sha kimanin biliyan 480, kusan miliyan ɗaya a kowane minti.

Mu namu rabon ba sai an ƙirga mana ba. Yana rataye a kan ƙaya da geza a bakin kowane gari. Mahauta sun san dunƙulen leda da suke cirowa daga tumbin tumaki da shanu. Dabba ta yi ta ci tana ramewa, domin cikinta a cike yake da abin da ba ya narkewa. Manoman da ke kai takin juji gona suna kai leda tare da shi, ta hana ruwa shiga ƙasa, ta tare saiwa. A cikin gari kuma, gora da leda su suke toshe magudanun ruwa. Ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidajen laka, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Bangladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta ga yadda toshewar magudanai ta tsananta ambaliyarta. A Akara, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma magudanan da shara ta cike suna cikin abin da aka ɗora wa laifi.

Haɗarin lafiya yana da hawa-hawa, kuma ya kamata a jera shi bisa nauyinsa. Mafi kusa shi ne hayaƙi. Ƙona juji a cikin unguwa da hura gawayi da leda suna sakin hayaƙi mai cutar da huhu, musamman ga jarirai da masu asma. In akwai robar PVC a ciki, irin ta bututu da wasu takalma, hayaƙin yana ɗauke da diyoksin, guba mai taruwa cikin jiki, wadda aka tabbatar tana jawo ciwon daji. Na biyu shi ne tsohuwar gora da ba a san inda ta fito ba. Wadda aka tsinto daga juji aka ɗauraye da ruwa ɗaya aka zuba kunun aya tana iya ɗauko taifot ko zawo. Wadda aka zuba kananzir, fiya-fiya ko sodar haɗa sabulu aka ajiye a ƙasan gado, yaro ɗan shekara biyu bai san ta da komai ba sai lemu. Likitocin yara a duk Afirka ta Yamma sun san wannan hatsari, kuma wanda soda ta ƙona wa maƙogwaro yakan daɗe yana jinya.

Na uku shi ne abin da robar kanta take saki. Ana amfani da wani ƙarfe mai suna antimoni wajen haɗa PET, kuma kaɗan daga cikinsa yana shiga ruwa. A yanayi mai sanyi bai kai abin damuwa ba, amma zafi yana hanzarta shi. Wani gwaji da aka yi a jami'ar jahar Arizona a 2008 ya nuna cewa a zafin digiri 60 sai ruwa ya yi kusan wata shida a gora kafin ya wuce iyakar da Amurka ta sa, a digiri 80 kuwa kwana biyu da ɗoriya sun isa. A ƙasar da inuwa ma takan kai digiri 45 a watan Afrilu, ruwan da aka jibge a rana gaban shago ko aka bari cikin rufaffiyar mota abin lura ne. Shi kuma sinadarin BPA, wanda tun shekarun 1930 aka san yana kwaikwayon homon ɗin mata a jiki, ba a cikin gorar PET yake ba. Yana cikin roba mai tauri, irin ta tsofaffin bulumbotin jarirai da wasu manyan gorunan injin sanyaya ruwa. Faransa ta hana shi a bulumboti a 2010, Tarayyar Turai ta bi a 2011.

Na huɗu shi ne ɓurɓushin roba. Roba ba ta ruɓewa, farfashewa take yi har ta fi ƙarfin ido. Richard Thompson na jami'ar Plymouth ya ja hankalin duniya kan wannan a 2004. A 2018 aka gwada gorar ruwa 259 daga ƙasashe 9, aka samu ɓurɓushi a kashi 93 cikin 100. A 2022 masana a Amsterdam suka same shi cikin jinin mutum 17 daga 22 da suka gwada. A 2024 wani bincike na jami'o'in Columbia da Rutgers ya ƙirga ƙwayoyi kimanin 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora, a shekarar nan kuma likitoci a Italiya suka ga cewa masu ɓurɓushin roba a jijiyar wuya sun fi sauran samun bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nemi a ƙara bincike, ya kuma tunatar da cewa ƙwayoyin cuta a cikin ruwa su ne haɗarin da ya fi gaggawa. Saboda haka uwar da take tsakanin ruwan tabki da ruwan gora, ta ba ɗanta na gora.

Komawa ga tsiro

Tun 1926 wani masani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano cewa wasu ƙwayoyin bakteriya suna tara wani abu mai kama da roba a jikinsu, wanda ƙasa take iya cinyewa. Aka ajiye binciken shekaru da dama saboda arahar mai. Yanzu da bashin ya taru, an dawo kan tsiro, sai dai kalmar “robar tsiro” ta haɗa abubuwa mabambanta.

Kashi na farko shi ne robar da aka yi daga tsiro amma ita ce dai robar da muka sani. A 2009 Coca-Cola ta fitar da gora mai suna PlantBottle, wadda har kashi 30 cikin 100 nata daga rake yake. A 2010 kamfanin Braskem na Barazil ya fara yin foliyetilen daga rake. Waɗannan suna rage amfani da man fetur, amma in sun faɗa kwata, daidai suke da ƴan uwansu: ba sa ruɓewa, kuma akuyar da ta ci ba za ta ga bambanci ba.

Kashi na biyu shi ne PLA, wadda ake yi daga sitacin masara, rogo ko rake. Babbar masana'antarta ta farko ta buɗe a Nebraska a 2002. Tana ruɓewa, amma sai a wurin haɗa taki na musamman mai zafin kusan digiri 60 da danshi na makonni. A busasshen jujin Sahel za ta daɗe tana kwance. Tana kuma yin laushi a zafin da bai kai na ruwan shayi ba, sannan in ta gauraya da PET tana ɓata aikin masu narkawa. Kashi na uku, jikokin abin da Lemoigne ya gano, su ne suka fi ruɓewa a ƙasa da ruwa, amma suna da tsada. Akwai kuma ƙunshin ciyawar teku da ake iya haɗiyewa tare da ruwan, wanda aka raba wa masu gudun famfalaƙi na Landan a 2019. Dukansu in aka haɗa ba su kai kashi 1 cikin 100 na robar da duniya take yi ba.

Sai a yi hattara da rubutun da ke jikin leda. A wani bincike da aka fitar a 2019, masanan Plymouth sun binne ledojin da aka rubuta wa “mai ruɓewa” a ƙasa, wasu kuma a ruwan teku. Bayan shekara uku wasunsu suna iya ɗaukar cefane. Akwai kuma tambayar da ta fi shafarmu: ƙasar da ta ga yunwar 2005 a Maraɗi da Damagaram, shin za ta noma masara don a yi gorar da za a jefar? Ko karan hatsi da harawa da ake cewa a yi aiki da su, a wurinmu abincin dabbobi ne, da danga, da makamashi.

Doka ma an gwada. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun tsaya a kan dokarsu. Nijar ta kafa tata a watan Nuwamba na 2014, wadda ta haramta yi da shigowa da sayar da siririyar leda, amma kowa ya ga abin da ake ƙulla masa tumatir a ciki yau da safe. Jamus ta bi wata hanya tun 2003: yawancin gorunan abin sha akwai kuɗin ajiya a kansu, sai ka mayar a ba ka, kuma fiye da tara cikin goma suna komawa. Wannan shi ne tsarin kwalbar lemu da muka sani a da. A matakin duniya, ƙasashe sun amince a Nairobi a watan Maris na 2022 za su rubuta yarjejeniya kan roba, amma taron Busan na 2024 da na Janeba na 2025 duk sun watse ba a daidaita ba, domin ƙasashe masu arzikin mai ba su yarda a taƙaita yawan abin da ake yi ba.

Abin da ya rage ga gida da makaranta

Tarihin nan ya nuna cewa tambayar “da me aka yi shi?” ba ta isa ba. Seluloyid daga auduga yake, ya ci gidajen silima da wuta. PlantBottle daga rake take, tana toshe kwata. Darajar ƙwarya ta zo ne daga shekarun da take yi ana aiki da ita, da gyartai mai ɗinke ta, da ƙasar da take karɓarta a ƙarshe. Duk sabon abin da aka kawo mana, da wannan mudu za mu auna shi: sau nawa za a yi aiki da shi, kuma ina zai kwana in ya ƙare?

Da wannan awo, abubuwa da yawa suna hannunmu tun yau. Randa mai ƙaramin baki da murfi da famfo a gindi tana ba da ruwa mai sanyi ba tare da an tsoma moɗa ba. In aka sa ƙwayar tsabtace ruwa, ta wadatar da aji guda, kuma kuɗin yana zuwa hannun maginanmu. Yaro ya samu gorarsa ta ƙarfe ko ta roba mai kauri da aka yi don a daɗe da ita, a riƙa wanke ta da sabulu. Kada a zuba koko ko kunu mai zafi a leda ko gorar lemu. Kada kananzir, soda ko maganin ƙwari su shiga gorar abin sha, ko da an rubuta suna a jiki, domin mai rarrafe bai iya karatu ba. A daina hura wuta da leda, a daina ƙona shara a farfajiyar makaranta lokacin da yara suke aji. Mai zuwa cefane ya ɗauki kwandon kaba, mai sayen fura ya tafi da kwanonsa. Masu taron suna da biki su tuna cewa goruna ɗari biyu da aka sha rabi aka watsar almubazzaranci ne, ko da an yaba wa mai gida.

Malami kuma yana da darasi a bakin ƙofarsa wanda ba ya buƙatar littafi. A sa yara su binne sakaina, ganye, leda da gorar roba a bayan aji a farkon damina, su tono bayan an koma hutu, su rubuta abin da suka gani. A sa su ƙirga ledojin ruwa da aji ɗaya yake zubarwa a mako, su ninka da makonnin shekara. A aike su wajen kakanninsu su tattaro sunayen kayan duma da aikin kowanne, kafin masu sanin su ƙare. Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tono gorarsa ya same ta yadda ya binne ta, alhali sakainar ta fara komawa ƙasa, ya samu abin da zai riƙa tambayar mai shago, da magajin gari, da ɗan majalisarsa in ya girma.